Shekarar da Likitan Nasara Ya Laluba Wuyanmu

Ina da goyo, ɗana na fari bai isa yaye ba, lokacin da na fara jin wani ƙullutu a bayan wuyana, ƙasa da kunnen hagu. Ba ya ciwo. In na danna shi da yatsa sai ya zame kamar ƙwallon kurna a ƙarƙashin fata. Muna zaune ne a wani ƙauyen bakin kogi ta wajen Tanda, tafiyar hantsi zuwa Gaya. Maigidana yana noman shinkafa a fadama, ni kuwa kullum ina bakin ruwa, wanki da ɗiba, a inuwar itatuwan da ƙudan tsando ke taruwa. Cizonsa ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Ka mare shi, ka ci gaba da aikinka.

Amma ƙullutun na san shi. Tun ina yarinya na gan shi a wuyan ƙanin babana. Daga baya ciwon barci ya kama shi, har ya kai ana tura masa loma a baki barci ya kwashe shi kafin ya haɗiye. Haka ya yi ta ramewa a kan tabarma har Allah ya karɓi abinsa. Saboda haka na ja bakina na yi shiru, na riƙa sauko da ɗankwali yana rufe wurin. Da rana tsaka in hamma ta zo mini sai in miƙe in nemi aikin da zan yi a tsaye.

Bayan damina ta ja baya sai mai shelar maigari ya bi lungu-lungu yana kaɗa ganga. Kumandan na Gaya, baturen mulki, ya aiko cewa likitan nasara, shi ma bature, zai zo duba mutane, kowa ya fito, babba da yaro, har da na goye. Kafin la'asar magana ta cika gari. Wasu suka ce jini suke tarawa a kwalba su kai ƙasarsu. Wani ɗan kwalekwale da ya ga aikin a ƙetaren kogi ya ce suna huda bayan mutum su tsiyaye ruwan da ke riƙe da shi a tsaye.

Washegari uwar mijina ta zaunar da ni za ta yi mini kitso. Tana tsaga gashin baya sai na ji hannunta ya tsaya.

"Tun yaushe?" ta ce a hankali.

"Tun farkon damina, Inna."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta gama kitson tsaf, sannan ta aika aka kira ɗanta daga fadama. Ta ce masa a sa ni a jirgi a gangara da ni ƙasar da Ingilishi ke mulki, wajen ƴan'uwanta, har baƙin su wuce. Maigidana bai yarda ba. Ya ce gardawan kumandan, wato dogaransa, sun san yawan mutanen kowane gida, in aka rasa ɗaya maigari za a ɗaure a rana, shi kuma a kai shi aikin hanya.

"To ke me kika ce?" ya tambaye ni, abin da bai saba yi ba.

Na ce, "Maigida, in na gudu, abin da ke wuyana tare da shi zan gudu."

Ban faɗi haka don jarunta ba. Tsoro biyu ne suka sa ni tsakiya, na rasa wanda ya fi girma.

Ranar da suka zo an jera mu a gindin tsamiyar kasuwa, maza gefe, mata gefe. Akwai gardawa da jajayen huluna, da tafinta, da wasu baƙaƙen ma'aikata masu fararen riguna da ake kira anfirme. Likitan kansa yana zaune a ƙarƙashin rumfa, jajir da shi, gumi ya jiƙa masa riga, ya sunkuya a kan wani ƙarfe mai madubi. Wani anfirme dogo yana bin layi yana laluba wuyan mutane da hannu biyu, kamar mai zaɓen kabewa. Ba ya kallon fuskar kowa. Ina jin sawunsa yana matsowa, ɗana yana ta wasa da bakin zanena. Da ya iso kaina ya ture ɗankwalin, yatsunsa masu sanyi suka sauka daidai wurin. Ya ciro farin alli ya zana mini wata alama a ƙirji. Matan da ke kusa da ni suka ɗan ja baya.

Inna ta kwance yaron daga bayana. Aka kai ni rumfa, aka soka mini siririyar allura a cikin ƙullutun, aka ɗiga abin da ya fito a kan ɗan gilashi. Likitan ya leƙa madubinsa, ya daɗe, sannan ya yi magana. Tafinta ya ce mini, "Ya ce ki zo ki gani da idonki, don ki gaya wa mutanenku ba ƙarya ake yi ba."

Na kafa ido ɗaya. Da farko haske kawai na gani. Can sai na ga wasu abubuwa sirara suna mutsu-mutsu, suna kaɗa jela kamar ƴaƴan tarwaɗa a cikin taɓo. Na ɗago na ce wa tafinta, "A jikina suke?" Ya ce a jikina suke. Na zauna daɓas a ƙasa. Da ban gani ba da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar na riƙa jin motsinsu a cikin jinina, ko da yake an ce ba a ji.

Maganar ɗan kwalekwale ma gaskiya ce. Bayan rumfar aka zaunar da mu a kan benci, aka ce in dunƙule kaina a gwiwa. Wani gardi ya danne kafaɗuna. Na ji ƙarfe yana neman hanya tsakanin ƙasusuwan bayana, na kira sunan Allah da na uwata. Ruwan da suka tara fari ne tas, kamar na randa. An ce da shi ake gane ko ciwon ya hau kai. Nawa ya fara hawa.

Duk wanda aka zana wa alli aka kora shi Gaya da ƙafa, kaina yana sarawa kamar zai rabe. Yaron aka bar wa Inna. An yi mana bukkoki a bayan gari, an kewaye da ƙaya, gardi a bakin ƙofa. A bukkarmu na haɗu da wata mata daga Bengou, mai dafa gishiri, ta girme ni sosai. Ina ce mata Yaya, tana ce mini ƙanwata. Hausarta gauraye take da Dendanci, ga ta da ban dariya. Da nonona ya cika yana zuba ina kuka, ita ce ta dafa ruwa ta gasa mini, tana ba ni labarin yadda jakinta ya taɓa cinye mata rabin gishirin da za ta kai kasuwa.

An raba mu kashi biyu. Masu jan zare a hannu ana yi musu allura babba, masu baƙin zare ƙarama. Yaya jan zare gare ta, ni baƙi. Na tambayi tafinta dalili. Ya waiwaya tukuna, sannan ya ce, "Maganin sabo ne. Shi ma likitan so yake ya gano iyakar da jikin mutum zai ɗauka." Na daɗe ina juya wannan magana. Ashe mutumin da ya san abin da ke cikin jinina bai san abin da yake zuba mini ba.

Da farko masu jan zare ne suka fi samun sauƙi. Hamma ta bar su, suka soma cin tuwo da yawa. Har na yi wa Yaya hassada. Wata safiya muna zaune a bakin bukka, rana ta fito tarwai, sai ta ce, "Ƙanwata, wa yake ƙona ciyawa haka da sassafe?"

Na duba ko'ina. Babu hayaƙi ko kaɗan.

"Yaya, gari a washe yake."

Ta murza ido, ta sake murzawa. Ta ce, "To, wataƙila barci ne bai sake ni ba." Ba a jima ba ta fara laluben ƙwarya da hannu. Wani saurayi a bukkar maza shi ma aka ce ya faɗa kan murhu da rana tsaka.

Ni ce na je na tari anfirme dogon nan. Ba a yi musu magana sai sun tambaya, amma na gaya masa. Ya je ya kira likitan. Likitan ya zo da sauri, ya durƙusa a gaban Yaya, ya kaɗa hannu a fuskarta. Ba ta ƙifta ba. Ya kunna ashana ya kai kusa da idonta har sai da ta ji zafi ta kauda kai. Na ga fuskarsa ta koma fara fat. Ya miƙe ya tafi. Ranar aka tsinke jan zare a hannun kowa, aka tsayar da allura na ɗan lokaci.

Da aka koma yi, kowa ƙarama ake masa. Amma ai maganin ɗaya ne. In na ƙi, abubuwan nan masu jela za su cinye ni ina barci. In na yarda, ga Yaya zaune a gabana. Kowace safiya kafin in buɗe ido sai in yi addu'a, sannan in buɗe ɗaya, in nemi ɗan hasken da ke shigowa ta ɓular ciyawar rufi. In na gan shi sai in buɗe ɗayan. Akwai lokacin da gefen idona na dama ya fara duhu, kamar an ja labule kaɗan. Ban gaya wa kowa ba sai Yaya. Ta laluba ta kama hannuna ta ce, "Ki gaya wa likitan. Ni shirun da na yi kwanakin farko, ina cewa zai wuce, ga shi nan." Na gaya masa. Ya dakatar da tawa, ya yi ta duba ni, sannan ya ƙarasa sauran a hankali. Labulen bai ƙara matsowa ba, bai kuma koma ba. Har yau in mutum ya zo mini ta dama sai ya yi sallama nake sanin zuwansa.

Sai da sanyi ya wuce, zafi ya shigo, sannan aka sake huda bayanmu. Aka ce ruwana ya wanke, babu sauran ciwo a ciki. Na Yaya ma ya wanke, tafinta ya ce mata ta warke. Ta ce, "Ka ce masa na gode," kuma ban iya gane yadda take nufi ba.

Rana ɗaya aka sallame mu. Na riƙe kan sanda, ta riƙe gindin, muka ratsa kasuwar Gaya zuwa inda masu gishiri ke sauka. Tana ta gaya mini abin da muke wucewa, da hanci: nan masu kifi, nan masu daddawa. Babban ɗanta ya zo da jaki. Da ya hango mu ya tsaya cak, igiyar ta faɗi daga hannunsa. Ta ji muryarsa ta ce, "Kai, ka daina wannan kukan a gaban mutane, ka zo ka ɗora ni." Bayan ta hau ta miƙo hannu ta shafa fuskata tun daga goshi har haɓa, ta ce in na samu mai zuwa wajensu in aiko da ƙwarya za ta cika mini gishiri.

Maigidana yana jirana a bakin kogi da kwalekwalen aro. Ya dube ni da kyau, ya ce na yi ƙiba. Na tambaye shi yaro, ya ce yana gudu yanzu, yana cin tuwo da hannunsa. Na shiga na zauna a tsakiyar jirgin, na ja mayafi na rufe wuyana da kafaɗuna, na ce ya bi tsakiyar ruwa, kada ya matsa kusa da itatuwan gaɓa inda ƙudan tsando ke taruwa.