Haƙorin Gwal a Bakin Namiji

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina jin nauyin a ce mai furfura ya fito yana ba jama'a labarin abin da ke cikin bakinsa. Amma abin ya ƙi barina in sake.

Shekarun baya, lokacin ina gadi a wani kanti a Lewisham, nan cikin London, haƙorina na turmi na hagu ya fashe. Likitan haƙori ya yi ta bayani da sauri, ni kuwa ciwo ya toshe mini kunne, na ce ya yi abin da ya ga ya dace. Ya rufa wa haƙorin wani abu kamar hula. Sai da na koma gida na duba madubi na ga rawaya tana ƙyalli can ciki.

Mu dai yadda muka taso, mace ce ke dawowa daga Makka da haƙorin gwal, namiji kuwa na azurfa, domin zinariya ba ta halatta gare shi ba. Mahaifina na azurfa ya sa, da shi aka binne shi. Ga ni ko Makkan ban je ba, ina sallah da gwal a baka.

Wata Juma'a muna cin shinkafa bayan masallaci na yi hamma, wani abokina direban bas ya hango.

"Kai mutumina! Yaushe ka zama Hajiya ba mu zo sannu da zuwa ba?"

"Rufa mini asiri, likita ne ya sa."

"To Hajiya, ina tsarabarmu? Ko dabino babu?"

Kowa ya yi dariya. Na taya su, bakina a rufe.

Na tambayi malamai. Ɗaya ya ce lalura ce, babu komai. Wani ya ce lalura takan tabbata ne idan babu wani abin da zai maye gurbinsa, ya tambaye ni ko akwai farar hular haƙori a lokacin. Ban sani ba. Ƙila likitan ya faɗa a cikin bayanin da ban ji ba.

'Yata ta fari a nan aka haife ta, harsuna ta karanta a jami'a. Ta ga na rage cin abinci, sai wata ranar Asabar ta jawo kujera kusa da ni.

"Baba, ka san me kalmar gold take nufi tun asali? Rawaya, ko abu mai haske. Shi ke nan fa."

Ta ce Jamusawa ma Gold suke cewa, rawaya kuma gelb. Mutanen Holan goud da geel, na Suwidin guld da gul. Duk tushensu ɗaya da yellow ta Ingilishi, har sunan gwaiduwar ƙwai a bakin Turawan nan daga can ya fito. Gwal ɗin da muke faɗa ma aronsa muka yi daga gare su.

"Ka gani? Ƙanin gwaiduwa ne kawai a bakinka," in ji ta, tana dariya.

Na san so take ta kwantar mini da hankali, na sa mata albarka. Amma abin da ya zauna a raina daban ne. Mutanen can na dauri sun tsinci abin a rafi, sun ga launinsa, sun raɗa masa suna, sun wuce abinsu. Ba wanda ya ce za a tambaye su a kansa. Har ga Allah na ji ƙyashinsu. Sanin asalin sunan bai sauya hukuncin ba.

Bara na yi booking, aka ba ni ranar ganin likita don a cire. Wanda ya sa mini ya yi ritaya, wata matashiya na tarar. Ta ɗauki hoton haƙorin, ta ce saiwar ta yi rauni, in aka taɓa hular zai farfashe, sai dai a tumɓuke shi. Da ta ji ina shan maganin tsinka jini, ga ciwon suga, ta girgiza kai, ta ce ba za ta cire haƙorin da ba ya ciwo ba. Na tambaye ta ko gwal ne zalla. Ta ce gauraye ne da wasu ƙarafa, amma ba ta san wanne ya rinjaya ba.

Na fito na tsaya a tashar bas, harshena yana ta komawa wurin. Har a cikin sujada yakan koma. Lafiya kuma kullum baya take yi, na fara ganin da shi zan tafi.

Don haka nake roƙon masu karatu. Duk wanda ke cikin masu wankan gawa a masallatan London, ko ya taɓa tsayawa a kai, don Allah ya sanar da ni yadda ake yi da irin wannan haƙori: cirewa ake yi, ko barinsa? In kuma cirewa ake yi, shin sai mamacin ya bar wasiyya? Ba na so 'yata ta tsaya tana wannan tambayar a ranar.