Direban da Ke Kashe Kiɗa a Tsakiyar Ruwa

A tafkin dam ɗin Toktogul, can a ƙasar waje, wani dattijo ke tuƙa mu a kwalekwalen shaƙatawa. Farar hularsa ta sha baƙin mai. Yana riƙe da sitiyari kamar linzami, da gani tsohon makiyayi ne. Muna kaiwa tsakiya sai ya kashe kiɗa, ya shafa addu'a, yadda direbobinmu ke yi in za su wuce maƙabarta.

"Baba, rediyon ya lalace ne?" in ji wata budurwa.

"A'a, 'yata. Iyayena na kwance a ƙarƙashinmu."

Ashe ruwan dam ɗin ya shanye ƙauyensu har da maƙabarta. Ina jin barin su ya gagare shi, kuma ba shi da hanyar ziyartarsu sai da fasinja. Can ya mayar da kiɗan, don mai kwalekwalen ba ya son fasinja su yi shiru.