Akuyar da Kawu Bulus Ya Yanka

A gidanmu na Abakpa, Kirsimeti ba ya kankama sai Malam Idi kafinta ya shigo da wuƙarsa naɗe a tsohuwar jarida. Mu kaɗai ne Kiristoci a layinmu, shi kuwa maƙwabci ne Musulmi, katanga ɗaya ta raba mu. Kakata Laraba ce ta kafa ƙa'idar tun kafin a haife ni: akuyar Kirsimeti Musulmi ne zai yanka, don duk gidan da aka kai wa kwano su ci da zuciya ɗaya. Da yamma sai ta ɗora kaskon suya a murhu, mu jikoki mu kewaye wutar, tana juya nama tana yi mana tatsuniya. Wanda ya yi gyangyaɗi ba shi da rabon hanta.

Ina aji huɗu a firamare Kawu Bulus, ɗan autan Kaka, ya zo mana biki. Ya riga ya kwashe iyalinsa zuwa ƙetaren kogi kamar yawancin 'yan cocinmu, kuma tun da ya koma bakinsa bai huta ba. Mutum ne mai son a ce shi ya gyara abu. Ranar jajibere da sassafe, Kaka na coci wurin bitar waƙar zumuntar mata, ya kayar da akuyar ya yanka da kansa.

Da hantsi Malam Idi ya yi sallama. Ya tarar da fata a rataye.

Kawu ya ce, "Malam, bana mun hutar da kai. Mu ma muna da hannu."

Malam Idi ya dubi fatar, ya ce, "To, madalla. Allah ya sa a yi biki lafiya." Ya mayar da wuƙar ƙarƙashin hammata ya fita.

Da Kaka ta dawo ta ji labari, Kawu ya ce, "Inna, a kai musu kawai. Sauran gidajen wa zai gaya musu?"

Ta ce, "Ni ce zan kai, kuma ni na sani."

Da yammar nan mun kewaye murhu kamar kullum, amma babu mai tsokanar wani. Kawu na zaune a kujera can gefe. Kaka ta buga matsami a bakin kasko ta ce, "Ga ta nan, amma yau ba taku ba ce. Mai ita yana ji."

Ta ce wai bushiya da kurege ne suke maƙwabtaka. A shingen da ya raba su akwai 'yar kafa, ta nan ake miƙa gyaɗa, ta nan ake miƙo garwashi. Rannan ɗan bushiya ya zo ganin gida daga nesa, ya ga kafar, ya ce wannan ai zubar da girma ne. Ya fizge ƙayar jikinsa ya toshe ta, ya kwana biyu ya koma inda ya fito. Da damina ta sauka, ruwa ya kashe wutar tsohuwar bushiya. Ta je shinge neman garwashi, ƙaya ta soke ta. Kurege yana jin nishinta, ya miƙo hannu, shi ma ta soke shi, sai ya janye.

Muka jira ƙarshe. Ƙanwata ta ce, "Kaka, sai aka yi yaya?"

"Sai tsohuwa ta kwana a duhu. Mai ƙaya kuwa yana gidansa yana shan ɗumi."

Kawu ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari bayan sujada a coci, ko kwano ɗaya bai fita daga gidanmu ba. Na ga ƙawata Zainabu, 'yar Malam Idi, ta leƙo ƙofa sau biyu. Na ɓuya bayan randa don kunya. Kaka ta je da kanta ta ba Malam Idi haƙuri, ya ce ba komai, har ƙofa ya rako ta. Amma da shekara ta zagayo aka neme shi yanka, sai aka ce yana aiki a Rigachikun, wata shekarar ma haka. Kafin ta uku Kaka ta rasu, muka bi sahu muka ƙetare kogin.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar zagi ce kawai, kuma na ji daɗinta, don na tsani Kawu a ranar. Da na girma na gane tsoro ne ya sa ta: ta san abin da ta shekara talatin tana riƙe da shi ya tsinke da safiya ɗaya, a hannun wanda ba zai zauna ya ɗanɗani abin da ya jawo ba. Ana yi mana wa'azin yafiya duk Kirsimeti, ina ji, amma har yau abin yana ci mini rai.

Duk jajibere nakan sa akuya a mota in kai Abakpa, babban ɗan marigayi Malam Idi ya yanka, in bar wa Zainabu cinya ɗaya. Bara Kawu Bulus, ya tsufa yanzu, ya zo cin Kirsimeti gidana. Ya ce, "Saratu, har yanzu ba ki daina wannan wahalar ba?"

Na zuba masa shinkafa da miya, na tura kwanon gabansa. Ban sa masa nama ba.