Sunan da Gambi ba ta faɗa ba

Shekara talatin Tinni Himadu ya yi yana magatakarda a kotun garinmu, nan ƙasar Zabarma. Ni ne masinjan da ke ɗauko masa babban littafi. Aikinsa ya rubuta abin da aka faɗa a gaban alƙali, ba ƙari ba ragi, ya sa hannu. In babu hannunsa, hukunci bai zama hukunci ba. Duƙawa kan takarda ta lanƙwasa masa wuya, har muna ce masa ya fi sanin takalman mutane a kan fuskokinsu. Albashin kuwa, kada ma a tona.

Saura shekara biyu ya huta aka kawo Sadu, wai ya kore shanun wani ran kasuwa. Uwarsa Gambi ta zo shaida. Ta ce ran nan ɗanta yana gonar shinkafa tare da ita.

Alƙali ya ce, "Inna, 'ya'yanki maza uku ne. Wanne?"

Sadu ɗan fari ne, kuma mace a wajenmu ba ta kiran sunan ɗan farinta. Gambi ta ja mayafi, ta nuna shi da leɓe. Kowa ya gani sai Tinni, wanda kansa ke ƙasa. Ya rubuta abin da kunnensa ya ji: an tambaye ta, ta yi shiru.

Alƙalin bai yarda da ita ba, ya ba Sadu shekara uku. Aka ɗaukaka ƙara, to su can babban birni takarda kawai suke karantawa. Suka ce uwar ma ta ƙi tsaya masa.

Na gaya wa Tinni yadda aka yi. Ya daɗe yana murza idonsa.

"Me ya hana ka taɓa ni, kai ma?"

"Yo Malam, ni na san ba ka gani ba?"

Abin ya ci shi, ni ma ya ci ni. Bayan wata biyu sai ga Gambi a ƙafa daga ƙauye. Ta tsaya gaban teburinsa, ofis cike da maza, ta ce:

"Sadu. Sunansa Sadu. To, na faɗa, rubuta."

Tinni ya ɗago ya dube ta. Ya ce, "Inna, an rufe littafin. Doka ba ta bar ni in ƙara ko harafi ba."