Layi na Goma Sha Ɗaya

A gidan hayarmu Malam Shiru muke ce masa. Gyaran firinta yake yi a wani ofishi, da la'asar ya dawo ɗakinsa mai kujera biyu, ɗaya tasa, ɗaya ta jakarsa. Aikin da yake so kuwa ba wanda ya sa shi. Akwai wata manhajar tsara littattafan laburare da kowa ke iya ɗauka ko gyarawa kyauta. Shi ke haɗa mata kwantena, wato ƙunshin da ake zuba manhaja da duk tarkacenta don ta tashi a kowace kwamfuta.

Su biyu suka fara, shi da wani da bai taɓa gani ba, wanda yake kira Abokina. Shekara biyu ke nan Abokina bai ce uffan ba.

Wata Asabar wata ma'aikaciyar laburare ta rubuto cewa haɗin ya ƙi, yana cijewa a layi na goma sha ɗaya na umarnin haɗin, ga shi Litinin za su buɗe. Malam Shiru ya gwada a kwamfutarsa, abu ya haɗu sumul. Yana kallon allo yayarsa ta shigo da kular abinci, ya ba ta labari.

"A tawa lafiya lau yake, Yaya."

"To ɗauki taka ka kai mata mana."

"Ban san ƙasar da take ba."

"Kai dai mutanenka duk ba su da adireshi. Ci abinci."

Bayan ta tafi ya tuna cewa kwamfuta tana ɓoye abin da ta taɓa saukewa don kada ta sake wahala, shi kuma bai taɓa share ma'ajiyar ba. Mutumin da ko kwalin takalmi ba ya yarwa. Don ya ga abin da matar ke gani, ya share ta tas, ya sake haɗawa.

Haɗin ya tsaya a layi na goma sha ɗaya. Layin yana sauke wani ƙaramin fayil ne daga shafin Abokina, shafin kuwa an rufe shi tuni. Ashe kwafi na ƙarshe a kwamfutarsa yake zaune shekara biyu, ga shi ya share da hannunsa.

Abinci ya huce.

Lahadi ya wuni yana sake rubuta fayil ɗin, rabi da ka, rabi da gwaji, har haɗin ya wuce. Matar ta amsa da kalma biyu, "Ya yi," ta rufe zancen. Sau uku ya karanta.

A saman layin akwai tsohon bayanin Abokina: "Na wucin gadi ne, zan gyara mako mai zuwa." Bai goge ba. Ya ƙara a ƙasa: "Na gyara. In ka leƙo, ka yi magana."