Allo Mai Koren Ɗigo

Matata ba ta zubar da komai. A ƙarƙashin gadonmu akwai kwali cike da ƙananan allunan na'ura, kowanne da ɗigon fenti a gefe. Sana'arta rubuta manhajar da ke tafiyar da sikeli da injin ban ruwa. A kwamfutarta take rubutawa, amma ƙwaƙwalwar kowane allo da yaren da take ji, don haka sai ta haɗa abin da take kira kwamfaila, mai juya rubutun zuwa yaren allon da za a zuba wa. Mai jan ɗigo da tasa kwamfailar, mai shuɗi da tasa.

Wata Asabar ta wuni cur tana haɗa kwamfaila saboda wani allo guda mai koren ɗigo da ba wanda ya nema. Sau huɗu aikin na tsayawa a tsakiya, ta yi tsaki ta sake daga farko. Abinci ya huce, ni kuwa na hau sababi.

"Maman yara, wai wa ya aike ki? Allon nan ko kyauta ba mai karɓa!"

"Malam, je ka duba kajinka," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Wata biyu bayan nan, da hantsi, allon injin ƙyanƙyasata ya ƙone. Ƙwai ɗari biyu ne a ciki, saura kwana uku su ƙyanƙyashe, zafi kuma sai sauka yake. Na ruga na kira matata. Ta zazzage kwalin a tabarma: babu irinsa, koren nan kaɗai ke shiga gurbin.

Ta zuba manhaja, ta jona. Shiru.

"Kash! Da kwamfailar shuɗi na haɗa."

Ta canja layi ɗaya, ta sake. Ina tsugune, tafina a kan ƙwai, ina jin suna hucewa. Sai ƙaramar fitila ta kawo, fanka ta juya, ɗumi ya bugi bayan hannuna. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

'Yan tsaki ɗari da saba'in da ɗaya suka fito. Ba ta taɓa yi mini gori ba, abin da ya fi damuna ke nan. Sai na sayo katako na kafa wa allunan kanta a falo, kore a can sama.

Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona da guduma a hannu.

"Malam, wai wa ya aike ka?"