Ba Fannami da Kifin da Ya Juya Baya

Ranar Talata, tara ga Disamba 2014, Alhaji Maikano, dillalin tattasai a kasuwar Diffa, ya tarar da wani dattijo ya shanya ƙananan takardu a bakin rumfarsa, kowace ya danne ta da tsakuwa. Sunansa Fannami Grema, ana kiransa Ba Fannami. Shekara talatin ya yi yana rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar gidan waya na Damasak, kuma duk ambulan da aka kawo masa ya karanta, sai ya roƙi kan sarkin da ke jiki, wanda a nan ake ce wa tambur. Da tashin hankali ya kore su, ya ƙetare kogin Kumadugu rungume da babban duma, kundin tamburansa ɗaure a ka. Kafin ya kai gaɓa, kundin ya sha ruwa.

Maikano ya ba shi kusurwar rumfar kyauta. A nan Ba Fannami ya kafa teburinsa, yana cike wa 'yan gudun hijira takardu, ga inuwa, ga jama'a. Da wannan kusurwa yake ciyar da matarsa Zuhura.

A hankali aka san shi da wani ilimin. In aka kawo tambur, sai ya ɗauke shi da hantsaki, ya ɗora gilashinsa mai ƙara girman rubutu, ya faɗi inda launi ya zame, ko inda injin ya buga hoto sau biyu. Irin waɗannan ne masu tara tambura ke nema ido rufe. Wani ma'aikacin ƙungiyar agaji, Ishaku, mutumin Yamai, ba ya sayen ko ɗaya sai Ba Fannami ya ce e.

Ranar Alhamis, sha biyar ga Maris 2018, Maikano ya zaro tambur daga aljihu, mai hoton kifi, da inuwar wani kifin a kansa. Wani manomin Geskeru ya ba shi.

"Ba Fannami, bugu biyu ne wannan. Ishaku na tafe bayan la'asar. Kai dai ka gyaɗa kai."

Dattijon ya duba, ya daɗe.

"Alhaji, ina kifin ya dosa?"

"Hagu."

"Inuwar fa?"

Maikano ya ƙura ido. "Dama."

"To, inji ba ya juya baya. In ya buga sau biyu, duka biyun waje ɗaya suke kallo. Wannan tambura biyu ne suka kwana fuska da fuska a jiƙe, ɗaya ya shafa wa ɗaya. Kumadugu ce ta buga shi, ba gidan ɗab'i ba."

"Ishaku ya san Kumadugu ne? Ko ƙafarsa bai taɓa sawa ba."

"Ni na sa har wuya."

Maikano ya gyara zama a kan buhu, ya ce a hankali, "Shekara uku kana cikin inuwata. Ban taɓa roƙonka komai ba."

"Gaskiya ne. Roƙi wani abin."

Bayan la'asar Ishaku ya iso, ya ga tambur. Ya juyo ga dattijon. Maikano ma shi yake kallo, ya dafa sandar rumfar.

Ba Fannami ya sunkuya. Ya jawo tsohon kundinsa daga ƙarƙashin tebur, wanda ba wanda ya taɓa ganin cikinsa, ya buɗe shafi bayan shafi: tsuntsaye, jiragen ƙasa, raƙuma, kowanne da inuwarsa a juye. Ɗari da sha huɗu ne.

"Malam Ishaku, in na Alhaji bugu biyu ne, to duk Diffa ba wanda ya kai ni arziki, ni da nake cin tuwo sau ɗaya. Dare ɗaya kogi ya yi mini waɗannan."

Ishaku ya mayar wa Maikano kifinsa, ya yi sallama.

Maikano bai ɗaga murya ba. Ya ce yana bukatar kusurwar don sababbin buhuna. Ba Fannami ya ɗora teburin a ka, ya ce, "Allah ya saka da inuwa, Alhaji," ya fita.

Ya koma gindin wata bishiyar dogon yaro a bakin hanyar Damagaram, inda ƙurar motoci ke cika masa tawada, masu zuwa kuma suka ragu da rabi. Sau biyu Maikano ya aika a ce ya dawo. Ya ce a gaya masa kifin har yanzu hagu yake kallo.

A gindin bishiyar ya yi aiki har ya rasu a watan Agustan 2022. Kundin yana wurin Zuhura. Gilashin da hantsakin ya bar wa Ishaku.